Ranar Asabar da Muka Ƙarar da Batir

Ƙanena ne ya aiko mini da kwamfutar daga Abuja, naɗe cikin tawul da tsohuwar rigar sanyi, a hannun wani direba mai jigila tsakanin can da Lafiya. Irin ta ɗorawa a cinya ce, wadda kowa a makarantarmu yake kira laftof. 'Yar tokumbo ce, baƙa, mai nauyin da in ka rataya ta a kafaɗa daga gida zuwa bakin titi sai ka ji a wuyanka. Wasu haruffan ma sun goge daga kan maɓallansu saboda yawan taɓawar wanda ya riga ni. Ban damu ba. Ranar da ta iso na yi ta goge ta da ƙyalle, na hana yara ko kusantar teburin da take kai.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare, ina kuma karatun digiri irin na lokacin hutu, har na kai ga rubuta kundin kammalawa. Kafin zuwan kwamfutar da hannu nake rubutu, in kai shagon masu buga takardu. Masu shagon suna da ƙoƙari, amma injinsu bai san haruffa masu ƙugiya ba. Sai in karɓo shafi in ga an mayar mini da ƙafa kafa, an mayar da ɗaki daki, in zauna da biro ina bi ina lanƙwasa wa haruffa kai. Ƙanena ya sa an zuba mini haruffan a kwamfutar kafin ya aiko. Ranar da na fara buga sunan kundina da kaina na ga ƙugiyoyin sun fito tsaf, sai da na kira maigidana daga tsakar gida ya zo ya gani.

Matsalarta ɗaya, batir. A unguwarmu wuta ba ta da lokaci. Takan zo da hantsi ta tafi kafin azahar, wata rana kuma ta leƙo kawai ta koma. Da an ɗauke ta sai in ga ɗan hoton batir da ke ƙasan fuskar kwamfutar yana zuƙewa a kan idona. Kafin in gama shafi guda ya zama ja, wani gargaɗi ya fito, kwamfutar ta rufe kanta. Na koma ina rubutu a gurguje kamar ana bina, abin da na rubuta a haka kuwa yawanci sai na sake shi.

Na kira ƙanena na ce ya nemo mini sabon batir.

"Yaya, kafin nan bari mu gwada wani abu," in ji shi. "Ba lallai batirin ne ya mutu ba. Akwai wani ɗan ma'auni a cikinsa, shi ke gaya wa kwamfutar yawan cajin da ya rage. In aka daɗe ana ɗan sa caji ana cirewa, ana ɗan sawa ana cirewa, sai ma'aunin ya rikice. Ya ce ya ƙare alhali da saura."

"To yaya ake gyara shi?"

"Sai an sake nuna masa inda cikarsa take da inda ƙarshensa yake. Ki cika shi taf, ki ɗan ƙara barinsa a jikin wuta bayan ya cika. Sannan ki cire, ki yi ta amfani da ita har ta mutu da kanta, mutuwar gaske, ba wannan rufewar da take yi da wuri ba. Ki bar ta ta kwana a haka. Washegari ki mayar da ita caji har ta cika, amma kada wuta ta yanke a tsakani."

Na yi dariya har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce, "Ka manta garin da nake ke nan."

Ya bi da ni ta waya, danna nan, danna can, har na kashe umarnin da ke sa ta rufe kanta in batir ya yi ƙasa, da wanda ke sa ta barci in an bar ta ba taɓawa. Ya ce in sa mata faifan bidiyo in ƙure hasken fuskarta, don babu abin da ke shan batir kamar wannan. Ya kuma ja kunnena cewa wannan ba zai mayar da tsohon batir sabo ba. Iyakacinsa ya sa ma'aunin ya riƙa faɗin gaskiya.

Na gwada cika shi a gida. Ya kai wajen rabi aka ɗauke wuta. Washegari na sake gwadawa, aka sake ɗaukewa.

Maƙwabciyarmu ce ta fitar da ni. 'Yar Tibi ce daga wajen Makurɗi, duk layin Maman 'Yan Biyu ake ce mata, tana da ɗan shago a jikin katangar gidansu inda take sayar da kifin firiza da ƙanƙara. Saboda kifin ta ajiye janareta, kuma in aka kawo mata sabon kaya sai ta tashe shi tun da sassafe ya yi ta ruri har kifin ya daskare. Na same ta tana yanka kifi a kan katako, na yi mata bayani iya fahimtata. Hausarta irin ta kasuwarmu ce, kowa da komai namiji ne a bakinta, ni ma "kai" take ce mini.

"Malama, kai kana so ka cika shi, ka kashe shi, ka sake cika shi?"

"Haka aka ce mini."

Ta ajiye wuƙar ta dube ni. "Abin masu boko. To, no wahala. Asabar kaya yana zuwa, inji zai tashi. Kawo shi."

Na ce zan kawo mai. Ta ce injin zai sha mansa ko da ni ko babu ni, in bar maganar.

A daminar nan surukata tana wurinmu. Daga Keana maigidana ya ɗauko ta aka yi mata aikin yanar ido a wani asibiti a Lafiya, likita ya ce ta zauna kusa har ya sallame ta. Ta yi shekaru ganinta yana raguwa, har ya kai sai dai ta gane mutum da murya. Mace ce da ta tashi cikin aikin gishiri, tace ruwa da dafa shi a gaban wuta tun tana budurwa, ga shi an hana ta zuwa kusa da hayaƙi, an hana ta sunkuyawa, an hana ta ɗaukar ko bokiti. Sai ta wuni a baranda da baƙin tabarau a fuska, tana ɓarar agushi a faranti don kada hannunta ya zauna haka.

Ni da ita ba mu taɓa samun saɓani ba, amma ba mu taɓa yin hira ba. Ita 'yar ƙabilar Alago ce. Tana jin Hausa sosai, sai dai ba ta sakewa a cikinta, ni kuma Alagona bai wuce gaisuwa da godiya ba. In na durƙusa na gaishe ta da safe, ta tambayi kwana, na tambayi ido, shi ke nan mun gama ta ranar sai batun abinci. Maigidana ne ke haɗa mu magana, shi kuwa malamin gona ne, a tsakiyar damina har ran Asabar yakan hau babur ya nufi ƙauyukan wajen Assakio, ba ya dawowa sai la'asar. Yara kuma suna gidan mahaifiyata. Gidan ya yi shiru, ina jin nauyin shirun, ina kuma tsammanin ita ma tana ji.

Ran Asabar da safe na kai kwamfutar shagon Maman 'Yan Biyu. Ta share mini wani kanta a saman firiza, ta shimfiɗa kwali, muka jona. Masu sayen kifi suka riƙa tambaya ko ita ma ta sayarwa ce. Da ta cika na ƙara barinta kamar yadda aka ce, sannan na cire na dawo gida da ita wajen azahar.

Injin kallon gidanmu ya daɗe da ƙonewa, faya-fayan suna nan jibge a durowa. Wanda ya fara zuwa hannuna da bai karce ba shi ne na bikin ƙanwar maigidana, wanda aka yi a Keana shekarun baya. Ban zaɓe shi da wata niyya ba. A zatona ko rabin awa ba za a yi ba kwamfutar za ta mutu, in tashi in ɗora girki. Na yi salla, na ajiye ta a kan teburin falo, na zura faifan, na ƙure haske, na jawo takardun jarrabawar ɗalibai ina dubawa.

Da farko rubuce-rubuce ne da furanni suna yawo a fuskar, irin adon da masu ɗaukar bidiyo suke so. Can sai kiɗa ya tashi. Ƙarar ɓarar agushi da nake ji daga baranda ta tsaya.

"Wannan gangar garinmu ce," in ji surukata daga waje.

"Ita ce, Mama. Bikin autarki ne."

"A rediyo?"

"A'a, a kwamfuta. Har da hoto. Ki shigo ki gani."

Ta ɗan jima kafin ta shigo, tana dafa bango kamar yadda ta saba tun lokacin da ba ta gani. Na jawo mata kujera gaban teburin, na sauke labule don hasken waje ya ragu. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Idon da aka yi wa aiki yana ɗan ja har lokacin. Ta matso da fuskarta kusa, ta ja baya, ta sake matsowa har ta sami daidai inda take gani.

Sai ta fara kiran mutane. Ga matar ƙanenta. Ga mai unguwarsu, ashe ya yi ƙiba haka. Ga 'yar maƙwabciyarta da ta yi aure a Doma. Duk wanda ya gitta sai ta nuna shi da yatsa ta faɗi ko wane ne, da Alago tukuna, sannan ta tuna da ni ta maimaita da Hausa. Ta halarci bikin nan daga farko har ƙarshe, amma a lokacin inuwoyi kawai take gani. Yau ne take ganin irin atamfar da aka yi anko da ita, ta ce da ta san haka launinta yake da ba ta yarda ba.

Aka nuno mata suna rawa a da'ira. A tsakiyarsu akwai wata tsohuwa da ɗaurin ɗankwali ya karkace, tana takawa a hankali, wata yarinya na riƙe da gwiwar hannunta.

"Wace ce wannan mai rawa kamar an ɗaure mata ƙafa?"

Na rasa yadda zan yi. Na ce, "Mama, ke ce."

Ta juyo ta dube ni, ta koma ta dubi kwamfutar. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har tana dafa ƙirji. Na ji tsoron ɗinkin idon, na ce ta yi a hankali. Ta ce ai dole ta yi dariya, ita da ake zuwa daga wasu unguwanni kallon rawarta, ga abin da ta koma kuma ba wanda ya gaya mata.

A nan ne ɗan hoton batirin ya zama ja, gargaɗin da na saba gani ya fito a tsakiyar fuskar. Na rufe shi. Na ce mata ta yi haƙuri, abin zai iya mutuwa kowane lokaci, dama don a kashe shi na kunna. Ba ta ko kula ni ba.

Mai ɗaukar bidiyon ya bar wajen rawa ya juya ɓangaren maza, ƙarƙashin rumfa. Yana bi kan fuskoki ɗaya bayan ɗaya, sai ga surukina a kan farar kujerar roba. Ya rasu a daminar da ta biyo bayan bikin. A bidiyon yana zaune ya ture hula gefe, bai san ana ɗaukarsa ba, yana ɓare goro da farce. Ya ba na kusa da shi ɓari guda, ya faɗi wata magana da kiɗa ya danne, su biyun suka yi dariya. Mai ɗaukar ya wuce kan wani.

"Tsaya," in ji ta.

Na mayar da faifan baya, na tsayar daidai inda surukina ya ɗago kai. Ta daɗe tana kallo. Ni kuma ina satar kallon jan hoton batirin. Da safe babu abin da nake so kamar ya ƙare da wuri, yanzu kuma ina roƙon Allah ya ƙara masa ko minti biyu ne. Ko da na so jona ta ma babu wuta a gidan.

"Ashe ya yi furfura haka," ta ce a hankali. "Ni da baƙin gemu na san shi."

Ta kai yatsa kusa da fuskar kwamfutar ba ta taɓa ba. Sai na ga ta haɗe gira.

"Dubi wuyan rigar nan. A yage yake. Ranar bikin 'yarsa! Gida cike da mata masu ido, suka bar shi ya fita a haka?"

Ta yi ta faɗa, da Alago da Hausa, tana lissafo waɗanda ya kamata su lura, hawaye yana bin kuncinta ta ɓangaren idon da ba a yi wa aiki ba. Na miƙa mata hankici mai tsabta. Ta goge, ta ce in sake mayarwa ya ɓare goron. Na mayar. Ta ce in sake.

Batirin bai mutu ba. Ma'aunin ya sauka har ƙasa, ya nuna babu komai a ciki, amma faifan yana ta juyawa, haske bai ragu ba. Na daina duba shi.

Maman 'Yan Biyu ta yi sallama, da dafaffiyar masara a roba, ta zo jin labari.

"Malama, ya mutu?"

"Ya ƙi mutuwa."

Ta leƙo ta ga abin da muke kallo, ta gaishe da surukata, ta nemi wuri a hannun kujera ta zauna. Ta ce minti biyar za ta yi, ta bar 'yarta a shago. Surukata ta nuna mata mutumin da ke cikin bidiyon ta ce, "Maigidana ne."

"Kai, Mama, ya yi kyau! Ina ka samo shi?"

Ni da nake surukarta ba zan taɓa iya yi mata wannan tambayar ba. Maman 'Yan Biyu kuwa ko a jikinta. Surukata ta karɓi masara, ta gutsura, ta fara ba da labari.

Ta ce a wajen gishiri ya same ta. Yana saurayi yakan zo da keke ya sari gishiri ya kai kasuwannin ƙauye. Kullum sai ya tsaya a wurinta, ya ɗanɗana, ya ce nata ya cika danshi, ya wuce ya saya wurin wata. Haka ya yi ta yi rani guda. Ran nan ta gaji, da ta hango shi ta rufe kayanta da tabarma ta zauna a kai. Ya zo ya tsaya, ya ce ina gishirin. Ta ce ta shanya shi ne, in ya bushe nan da baɗi ya dawo. Ya tsaya yana murza hannun kekensa, matan wurin suna ta yi masa dariya. Bai yi mako ba ya turo manyansa.

Hausar takan ƙare mata a tsakiyar zance sai ta zarce da Alago, ni da Maman 'Yan Biyu mu yi ta cankar ma'ana, ita kuma tana gyara mu da hannu. Na tambaye ta ko daga baya ya faɗi gaskiyar gishirin. Ta ce har ya bar duniya bai yarda ba, in ta yi miya ta yi daɗi sai ya ce albarkar daddawa ce. Faifan yana ta tafiya a gabanmu, an kai wajen kai amarya, mu kuma rabi kallo rabi hira. Girkin da ban ɗora ba ke nan.

Ba mu ji tsayuwar babur ba. Sai ganin maigidana muka yi a bakin ƙofa, takalmansa duk laka, yana kallonmu mu uku mun haɗa kai a gaban kwamfuta, ga totuwar masara a faranti. Uwarsa ta yafito shi ta ce mini, "Mayar masa wurin babansa."

Na mayar. Ya cire takalman ya shigo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Shi ya taɓa kallon faifan sau ɗaya bayan bikin, lokacin mahaifinsa yana da rai, bai kuma ƙara ba. Ya kalla har wurin ya wuce. Ta nuna masa wuyan rigar ta ɗora masa nasa kason laifin. Ya ce shi a ranar yana can yana fama da masu kujeru. Maman 'Yan Biyu ta ce a ba shi labarin gishiri, sai ga shi bai taɓa ji ba. Uwar ta sake bayarwa, wannan karon da Alago zalla, da ƙarin abubuwan da ta tsallake mana, shi kuma yana juya mana da Hausa yana dariya. A nan na ji cewa keken ma na aro ne.

Ana tsakiyar rawar ƙawayen amarya fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Kiɗan ya yanke, ƙarar faifan ta lafa. Muka ji kiran sallar la'asar daga masallacin layinmu, ashe har an kai nan.

"Ya lalace?" in ji surukata.

Na ce a'a, abin da ake nema ke nan. Sai ta kwana a haka, gobe a sake cika ta.

"Mutanen da ke ciki fa?"

Na ce suna nan a faifan, babu abin da zai same su. Ta gyaɗa kai, ta mayar da tabarau, ta ce to a tashi a ɗora tuwo, yau ita za ta gaya mini yadda ake miyar agushi irin ta gidansu, tunda an hana ta yi da kanta. Na sa mata kujera a ƙofar kicin inda hayaƙi ba ya kaiwa, tana ba da umarni ina bi. Sau biyu ta sa na rage ruwa. Da na ɗauko gishirin leda na kanti ta ce in mayar, in ɗebo daga wanda ta zo da shi.

Washegari Lahadi. Maman 'Yan Biyu za ta coci da iyalinta, amma kifin bai gama daskarewa ba, don haka janareta zai sake tashi. Ta kawo mana makullin shagon tun da safe, cikin shigarta ta coci, ta ce ba ta son a bar inji yana aiki babu mutum. Maigidana ya ce shi zai zauna. Ya ɗauki kujera da rediyonsa ya tare a ƙofar shagon, kwamfutar tana can a kan kwalinta tana shan wuta. Duk wanda ya zo sayen kifi sai ya ce an tafi coci. Wani abokin aikinsa ya wuce a babur ya gan shi, ya juyo ya tambaye shi ko ya bar aikin gona ne. Wuta ba ta yanke ba har ta cika. Ya kawo mini ita riƙe da hannu biyu, tana ƙarnin kifi. Ƙarnin nan ya yi kwanaki bai fita ba, har a ɗakin malamai sai da aka tambayi wanda ya zo da kifi.

Ran Litinin da aka ɗauke wuta na ci gaba da rubutuna ina jiran gargaɗi. Ɗan hoton batirin ya riƙa sauka a hankali, kaɗan-kaɗan. Na gama shafi, na shiga wani, na koma na gyara na farko. Ta yi sama da awa guda kafin ta nemi caji. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya ishe ni in zauna in yi tunani kafin in rubuta jimla, kuma in ta ce saura kaɗan, to saura kaɗan ɗin ne. Na kira ƙanena na gaya masa. Ya ce in riƙa maimaitawa jefi-jefi, ba kullum ba, don yawan ƙarar da batir ma yana gajiyar da shi. Na ba shi labarin abin da ya faru a falo, ya ce shi dai batir ya ce a gyara.

Surukata ta ƙara makonni a wurinmu kafin likita ya sallame ta. Bayan ranar nan in na dawo daga makaranta nakan ɗauki faranti in zauna kusa da ita mu ɓare agushin tare. Ta koya mini sunayen kayan kicin da Alago, tana dariyar yadda nake karya su. Ta tambaye ni abin da nake ta rubutawa, na ce bincike ne a kan waƙoƙin niƙa da daka na mata. Ta ce da na tambaye ta tun farko. Nasu na Alago ne, ba su shiga kundin ba, amma ta rera mini su wata rana da yamma, maigidana yana fassarawa, yana tsallake baitocin da ya ce ba na bakinsa ba ne. Kafin ta tafi mun sake kallon faifan har ƙarshe, a ranar da wuta ta zauna. Na kammala kundin a ƙarshen shekarar.

Da aka yi hutun zango na gaba, wata safiya ina shara sai ga Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta kan katanga, riƙe da faifai a cikin leda.

"Malama, batir naka bai rikice ba kuma?"

Na ce lafiyarsa ƙalau.

"Ka duba da kyau. Ina da bidiyo na godiyar girbi na cocinmu, ni ne na ja waƙa. Tun da aka kawo ban gani ba."

Na ce in haka ne ina jin ya fara ɗan rikicewa. Ran Asabar ta rufe shago da wuri, ta zo da 'yan biyun da wata ƙawarta da ƙullin gyaɗa. Muka kalli mata suna shiga coci da doya da buhunan shinkafa a ka, wani dattijo yana jan akuya ta ƙi tafiya. Ga ta nan a gaba cikin zane mai ratsin baƙi da fari, ta riƙe makirfo da hannu biyu. Ta ce in ƙara murya. Na ƙure ta, ta kama waƙar tare da kanta, 'yan biyun suna rufe fuska don kunya.